Keteken Kumasi: Amsar Tambayarka

Kumasi,
daren Laraba.

Zuwa ga aminina, Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Yaya sanyin Jos? Na ji an ce bana sai da rigar ulu ake fita sallar asuba a wurinku. Mu nan hazo ne kawai da tsagewar leɓe. Yaya gwiwar taka? Tawa dai ta kai ni ga yin nafila a zaune, amma alhamdu lillahi.

Hoton ya iso. Jikanka ya turo wa jikata ta WhatsApp, ita kuma ta shigo da gudu tana cewa, "Kaka, ga abokinka da motar wasan yara." Da na sa tabarau sai ga ka tsaye a gidan tarihi na Jos, ka dafa ɗan kan jirgin nan mai tururi kamar wanda ya dafa jakinsa a bakin kasuwa, hularka ta kusa kamo tsayin bututun hayaƙinsa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Sai kuma ta kunna mini muryarka kana tambaya, "Wai keteke yana nan kuwa?" Rabon da in ji Bahaushe ya kira jirgin ƙasa da sunan da Tonawa, wato Asante, ke kiransa, har na manta. Ashe shekara hamsin da ɗoriya ba su wanke maka shi daga baki ba. Jikata ta ce in danna in amsa da murya. Na ce a'a, wannan ba amsar minti ɗaya ba ce, ta kawo takarda.

Ba ya nan, Alhaji. Ban so in faɗa maka da ji kawai ba, shi ya sa ranar Litinin na hau trotro, motar hayarmu, daga Aboabo na sauka Adum, na taka a hankali har tsohuwar tasha. Sunan wurin dai har yau Reluwe, kuma iyakar abin da ya rage ke nan da rai. Dogon yana nan a wasu wurare, ya nutse cikin ƙasa da leda, masu gwanjo sun baza takalma a kansa, wata mai tumatir ta mai da shi matashin tire. Na tambayi wani yaro mai sayar da rigunan waya ko ya taɓa ganin jirgi ya shigo nan. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya taɓa ganin raƙumi a cikin rijiya. A wurinsa Reluwe sunan unguwa ne, kamar yadda ake cewa Asafo ko Bantama. Tun cikin shekarun 2000 jirgin kwana da ke zuwa Takoradi ya daina tashi, na Akra kuwa ya riga shi mutuwa.

Ka san ni da bin diddigi. Ɗan jirgin da ka dafa na san labarinsa, ko da yake ban taɓa ganinsa da ido ba. Na layin nan ne da Turawa suka kira ƙaramin layin Bauci, wanda ya tashi daga Zariya ya kai Rahama a 1912, ya hau tsaunuka ya isa Jos da Bukuru a 1914. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, shi ya sa ka gan shi kamar ɗan maraƙi. Abin dariya, sunan Bauci yake ɗauke da shi amma bai taɓa taka garin Bauci ba, don ba garin aka nufa ba, kuzar da ke kan dutse aka nufa. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai aikinsa ya ragu, ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Shekara goma sha biyu ke nan kafin ka isa can, don haka kai ma a mace ka same shi.

Namu ma haka aka haife shi. An fara sare daji a Sekondi a 1898, dogo ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903, shekara uku bayan yaƙin Yaa Asantewaa. Dubi sunayen da kyau: Tarkwa zinariya, Obuasi zinariya. Daga baya aka yi reshen Prestea, zinariya kuma. Nsuta, baƙin dutsen manganis. Reshen Dunkwa zuwa Awaso a 1944, lokacin yaƙin Hitila, don jan dutsen da ake narkawa a yi alminiyam. Layin Akra bai haɗu da Kumasi ba sai 1923, shi kuma noman koko ya jawo shi. Sai aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, komai ya riƙa gangarawa teku. A zamanin Gwamna Guggisberg an yi ta maganar a miƙa dogo arewa har Tamale. Yau shekara ɗari ke nan, daga Kumasi ko taku ɗaya bai ƙara ba ta wannan fuska. Ku aƙalla naku ya kai Kano a 1911, ya kai Maiduguri a 1964. Mu arewarmu ba ta da abin da Bature ke so ya haƙa a lokacin, sai majiya ƙarfi, su kuwa da ƙafarsu suke zuwa.

To amma abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ba don mu aka shimfiɗa shi ba, mu muka ci moriyarsa. Kakana yakan ba da labarin hanyar Gwanja, yadda ayari ke tashi daga Salaga da jakuna, a yi wata da watanni ana yayyafa wa goro ruwa, ana sauya masa ganye, ana biyan fito da kuɗin hanya, ana kwana da ido ɗaya saboda 'yan fashi, kafin a ga ganuwar Kano. Da keteke ya zo sai huhu ya hau tarago a Kumasi, ya sauka bakin teku, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, ya sake hawa dogo zuwa Kano. Goro ya yi baya kafin ya yi gaba, amma ya riga jaki isa nesa ba kusa ba. Da kuɗin wannan zagaye mahaifina ya gina gidanmu na Alabar, inda kuka kama ɗaki biyu. Mahaifinka kuma, Allah ya jiƙansa, a kan dogon yake cin abincinsa, shi da tawagarsa ta lebura masu diga da shebur. Ka tuna yadda aikin yake a rabe? Direbobi da makanikai da masu sigina galibi Fante ne daga Sekondi, mutanenmu na arewa kuwa su ne masu danna tsakuwa da sauya katakon ƙarƙashin dogo a cikin rana.

Ka tuna Papa Fayaman? Bafanten nan baƙi siriri mai ƙuna a damtse, wanda ke zuwa shan koko da ƙosai wurin Inna kafin gari ya waye, yana Hausarsa ta karya wuya. Shi ya fara ɗaga mu ya ɗora kan injin a loko, makwancin injuna, ranar da muka gudu daga makarantar allo. Bulalar da muka sha da yamma ta wuce, abin da na gani bai wuce ba. Ya buɗe ƙofar murhu da ƙafa, wuta fara fat ta hasko mu, kai ka ja baya ka taka mini yatsa. Ya ce mana wannan abu shanu ne, ba mota ba: yana ci, yana sha, yana fushi. A lokacin na ɗauka wasa yake yi.

Da na girma na gane gaskiya ya faɗa. Dubi yadda abin yake. Murhu yana baya, gaban direba. Doguwar gangar nan da ke kwance kamar cikin giwa tukunyar ruwa ce, kuma a cikinta akwai bututu masu yawa da zafin wuta ke ratsawa kafin ya fita ta gaba. Ruwa ya tafasa, tururi ya rasa hanyar fita, ya matsu. Direba ya ja hannun ƙarfe ya buɗe masa ƙofa, sai ya faɗa cikin silinda biyu na gefe, ya tura fistin gaba, ya dawo ya tura shi baya, dogon sandan ƙarfe kuma ya murɗa ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ba a barinsa ya tafi a banza, ta bututun hayaƙi ake harba shi, yana fita yana zuƙo iska ta cikin murhu. Wato gwargwadon yadda injin ke wahala, gwargwadon yadda yake hura wa kansa wuta. Wannan cuku-cukun da muke kwaikwayo da baki muna jan gwangwanin madara, numfashin ke nan. Wanda ya ƙago wannan dabara, ko wane ne, ya yi zama da maƙera.

Wahalar kuwa tana wuyan fayaman, mai ciyar da murhu. Ba zuba kwal kawai ba ne. Sai ya watsa shi daidai, kusurwa-kusurwa, don in ya tara shi wuri ɗaya wuta ta shaƙe, in ya bar rami iska mai sanyi ta shiga. Ido ɗaya a kan agogon tururi, ɗaya a kan ɗan gilashin da ke nuna ruwa, domin in ruwa ya sauka har rufin murhu ya bushe, to sai dai a yi salati. Kuma dole ya san hanya kamar tafin hannunsa, ya fara ƙara wuta tun kafin a iso hawa, ba sai an iso ba. In damina ta jiƙa dogo ƙafa ta riƙa sulɓi, a saki yashi ta ɗan bututu a gabanta. Injin da ya huce kuwa sai an yi awoyi ana lallashinsa kafin ya motsa, shi ya sa Papa ke riga ladan tashi. Wani abu da ban sani ba sai daga baya: ƙasar nan ba ta da kwal ko na ɗumama shayi. Da yawan wanda yake watsawa daga Inugu aka haƙo shi, ya bi ta Fatakwal ya hau ruwa. Ashe tun kafin ka tafi Nijeriya, Nijeriya ce ke faɗo mana a ido duk sanda muka leƙa ta taga.

Ga abin da na daɗe ina juyawa a raina, wanda ya sa na ƙi amsa maka da murya. Injin tururi maƙishirci ne. Ba ya iya doguwar tafiya sai ya tsaya ƙarƙashin tanki an zura masa ruwa, an kwashe toka, an bi gaɓoɓinsa da butar mai. Wannan tsayawar ba don fasinja ake yinta ba, amma fasinja da mutanen gari ne suka ci ribarta. Jirgi na tsayawa sai tasha ta zama kasuwa: ayaba, lemo, dokunu da soyayyen kifi, dafaffiyar masara, burodin Nsawam da ba a wuce shi. Mutanenmu kuma da tsire da shayi, da ruwan alwala a buta. Dattawa su sauka su shimfiɗa buzu a gefen dogo su rama azahar ba tare da fargaba ba, don sun san sai shanun ya ƙoshi. Lissafa zangunan da ka sani: Obuasi, Dunkwa, Tarkwa, Konongo, Nkawkaw a gindin dutsen Kwahu, Koforidua, Nsawam. Duk a bakin dogo suke. Ma'adinai da koko ne suka kira mutane, ban musa ba, amma tsayawar jirgi ce ta ba mai ƙaramin jari abin yi. Gwaggona ta aurar da 'ya'ya uku da tiren da take ɗagawa zuwa tagar tarago.

Kuma ka tuna da jirgin ya yi shiru a 1961? Muna ƙanana sosai, wataƙila kai ba ka riƙe ba. Ma'aikatan reluwe da na tashar ruwa a Sekondi da Takoradi suka ajiye aiki a watan Satumba, saboda kuɗin ajiyar dole da gwamnatin Nkrumah ta fara yanka daga albashi. Sama da mako biyu aka yi. Abin da na riƙe shi ne mahaifina yana kwance huhu yana tsince goron da ya fara lalacewa, bakinsa bai daina motsi ba, kuma ba tasbihi yake yi ba.

Dizal ya riga ya shigo tun muna yara, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin. Gaskiya ɗaya ce, ya fi su. Ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi na yanzu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Injin tururi a cikin zafin da yake ƙonawa ko kashi ɗaya cikin goma ba ya kaiwa ƙafa, saura duk sama yake tafiya. Na dizal ya ninka shi sau uku ko fiye. Ana murɗa shi ya tashi, ba toka, ba tanki, ba tartsatsin da ke huda wa mutum rigar salla. Papa da kansa ya ce ranar da ya fara hawa na dizal ya koma gida da farar singileti, matarsa ta tsare shi da tambayar ina ya yini. Sai dai na dizal ba ya jin ƙishirwa. Inda ake tsayawa a sha iska ya koma tsayawar minti biyu, ƙananan tashoshi kuma a wuce su da ƙaho. Mai tire ta koma gudu tana bin taga, wani lokaci canjinta ya tafi Takoradi.

Na hau irin na zamanin ma, wanda ba shi da kan jirgi daban. Shekarun baya da na je Akra wurin 'yata a Nima, mijinta ya ce sai ya kai ni Tema da jirgi. Taragun fasinja ne kawai a haɗe, injin yana jikinsu, da ɗakin direba a kowane ƙarshe. In an kai Tema ba sai an kai shi faifan juyi an juya shi ba, kamar yadda muke kallon lebura suna tura namu a loko. Direba ya sauko da jakarsa, ya taka zuwa ɗaya kan, shi ke nan gaba ta zama baya. Don ɗan gajeren layi mai fasinja kaɗan, babu dabarar da ta fi wannan, ba ka jan ƙaton inji don taragu biyu. Mun bi ta Achimota, muka fito Sakumono inda dogo ke tafiya dab da teku, igiyar ruwa kamar ta taɓa taga. Wallahi ya yi kyau. Amma har muka sauka ba wanda ya ce da ni uffan, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Na sayi ruwan leda a tasha don dai in yi ciniki da wani.

Yanzu ana ta sabon shiri. An gina layi daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin Volta, kusan kilomita 97, aka kawo masa jirage masu kai biyu daga Poland a 2024. Faɗinsa ya fi namu na da; namu ƙafa uku da rabi ne, irin na babban layinku, sabon kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, don haka ko tsohon injin ya tashi daga kabari ba shi da wurin taka ƙafa. Ana kuma ta aikin sabunta na yamma daga wajen Kojokrom, an ce wata rana zai iso mu. Allah ya sa. Ni dai abin da idona ke gani shi ne jan dutsen Awaso da aka yi wa reshe musamman yanzu a bayan manyan motoci yake tafiya, yana farfasa titi, 'yan gwangwan kuma suna yi wa tsohon dogo kallon nama.

Ban so in taɓo 1969 ba, amma ba yadda za a yi in yi maka zancen keteke in tsallake ta. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mahaifina an haife shi a nan, yana da shaida. Mahaifinka ya yi shekara ashirin yana gyara dogon ƙasar, ba shi da ko ƙyalle. Ban manta tashar a ranar da kuka tashi ba. Katifu, tukwane, keken ɗinki, akwatin ƙarfe, tsofaffi zaune kan ƙullin kaya sun yi tagumi. Inna ta rungume mahaifiyarka sun kasa rabuwa. Kuma ka san abin da ya fi tsaya mini? Baƙin injin ne aka haɗa muku, ba dizal ba, kuma ya daɗe yana shan ruwa. Duk wannan jinkiri ni murna nake yi da shi. Muna tsaye ta taga, kai a ciki ni a waje, mun rasa abin cewa, har muka koma gardamar wa ya fi iya ƙwallo. Da na dizal ne da tuni kun kai Ejisu. Da ya yi usur ya fara ja, na bi ku da gudu har ƙarshen dandamali, daga nan na tsaya ina kallon hayaƙi ya bi ta bayan Asawase. Mahaifinka kuwa ko waiwaye bai yi ba, idonsa na ƙasa. Na daɗe ina zaton fushi ne. Yanzu ina ganin dogon yake dubawa, don sashen nan tawagarsa ce ta danne shi.

Af, wuƙar nan tana wurina. Ƙusar inci shida da muka ɗora kan dogo a Akwatia Line jirgin katako ya bi ta kai ya mai da ita falle. Kai ka ce taka ce don kai ka sato ƙusar, ni na ce tawa ce don ni na ɗora. Har yau ban sauya magana ba. Da ita nake ɓare goro, ko da yake haƙoran da suka rage ba su fi na kaza yawa ba, sai an kankare mini.

Ina da roƙo. In ka sake zuwa gidan tarihin, ka sa jikanka ya leƙa ɗakin direban ɗan jirgin ya ɗauko mini hoton ƙofar murhu da gilashin ruwa, in suna nan. Ina so in ga ta yadda fayaman ke juya shebur a wuri ƙanƙane haka, don a lissafina sai dai a durƙushe. Kuma ka tsaya tsakanin dogon biyu a ɗauke ka, in nuna wa jikata cewa ba motar wasa ba ce, kuzar Bukuru ya ja har Zariya.

Akwai mai goro da zai tashi zuwa Kano bayan sati biyu, ta mota, ta Aflao. Zan ba shi ɗan ƙulli ya bar maka a hannun ƙaninka, fari ne na Gwanja, ka ba Hajiya rabonta kada ka ɓoye. Hajiyata tana gaishe ku, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana zuba sukari a koko kamar mai gina ɗaki. Ka gaida duk wanda ya san mu, in akwai saura.

Wassalam.

Naka har kullum,
abokinka na Alabar.